Yadda Ake Bin Salsalar Gida: Jagora Ga Mai Neman Asalin Kakanninsa

Mafi yawan masu zuwa mini da maganar binciken asali sun riga sun yanke hukunci tun daga gida. Wannan ya ce kakanninsa daga Yamal suka taso, wancan ya ce su Sharifai ne, wani kuma jinin Bagauda yake ji yana yawo a jikinsa, takardar shaida kawai ta rage a nemo masa. Ka tambaye shi sunan yanka na mahaifin kakansa, sai ya hau sosa ƙeya. Daga nan duk sauran kurakuran suke fitowa. Mutum ya kama wani babban suna can sama yana ta jan sa ƙasa don ya iso kansa, alhali aikin daga kanka yake farawa. Uba bayan uba ake haurawa, kuma ba a wuce suna sai ya tsaya da shaida.

Mutanen Rijiyar Zaki da maƙwabtansu na ƙasar Ungogo, irin su Panisau da Kadawa da Bachirawa da Tudun Fulani, su ne a raina da nake wannan rubutu, domin nan ne birni ya taso yana cinye gonaki. Gonar da aka sani da sunan gida ɗaya tun kaka da kakanni an yanka ta filaye, kukar da ke kan iyaka an sare ta, tsohon da ya san wanda ya shuka ta ya kwanta dama. Duka ukun shaidu ne, kuma suna tafiya tare.

Abubuwan da za ka tanada

Littafin rubutu mai ɗinki, ba fallayen takarda da iska za ta watsar ba. Fensir, saboda ba a son biro kusa da tsofaffin takardu. Waya mai ɗaukar murya da hoto, da batirin ko-ta-kwana. Babban kwali na zana rassan dangi. Jerin sarakunan Kano da shekarun sarautarsu. Ɗan abin gaisuwa, goro ko sabulu ko turare. Katin shaidarka da wasiƙar gabatarwa, don shiga gidajen adana takardu.

Sai mutum biyu: malamin da ya iya karanta rubutun hannu na Larabci da ajami irin na mutanen da, da kuma 'yar'uwa mace mai haƙuri wadda za ta shiga inda ba ka shiga. Wanda ya rasa ta biyun ya rasa rabin labarin.

1. Rubuta abin da ka sani, ka raba shi uku

Kafin ka tambayi kowa, zauna ka rubuta kanka, iyayenka, kakanninka huɗu, da duk wanda ka sani a sama da su. Gefen kowace magana sa alama: abin da ka gani da idonka ko a takarda, abin da ka ji daga wanda ya gani, da abin da “ake cewa”. Dalili shi ne bayan 'yan watanni ƙwaƙwalwa takan cakuɗa su, jita-jitar da ka ji a gidan biki ta koma tamkar abin da ka karanta. Kada ka goge kashi na uku. Sau da yawa akwai ƙwayar gaskiya a cikinsa, sai dai an ɗora ta a kan mutumin da ba shi ba ko zamanin da ba nasa ba.

2. Je wurin tsofaffi, ka fara da mata

Nan ne jarin aikin yake, kuma nan ne ba a jinkiri. Takardun da ke gidajen adana tarihi za su jira ka, tsohuwa mai shekara casa'in ba lallai ta jira ba. Fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rauni, ko da shi ne mafi nisa.

Maza sukan riƙe layin uba da maganar gona da sarauta. Mata kuwa su suka san wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo amarya, wa aka saki, wane yaro ne agola, wane ne ɗan riƙo, wa ya sha nonon wa. Goggo da inna da kaka su ne masu kai gudummawar biki da zuwa barka da gaisuwar mutuwa, don haka taswirar zumunci a kansu take.

Gana da su ɗaya bayan ɗaya. In ka tara su a zaure, babba zai yi magana, sauran su ce “haka ne” don kunya, ka tashi da shaida ɗaya kana zaton biyar ce. Kada kuma ka sa wa tsoho amsa a baki. In ka ce, “Baba, ai daga Borno muka zo ko?” zai ce maka i, don ya faranta maka. Ce masa, “Baba, da kuna yara, ina kuka ji manya na cewa mutanenmu suka fito?” Tambayoyin gefe sun fi na kai tsaye fitar da gaskiya: wane gari ake zuwa zumunci da, su wa ake wasan barkwanci da su, wace sana'a ce ta gidan, a wace maƙabarta aka binne kakan kaka, wane abinci ne gidan ba ya ci. Gidan da ke wasa da Barebari ko da Yarbawa ya ba ka alamar inda za ka duba, ko da yake alama ba hujja ba ce.

Nemi izini kafin ka kunna waya, ka faɗi sunan mai magana da rana da wuri a farkon ɗauka. Ka kuma bayyana tun farko cewa ba maganar gado ce ta kawo ka ba. A wurin da fili ya yi daraja kamar gefen titin Gwarzo, duk mai tambayar “gonar wa ce wannan da?” ana yi masa kallon mai shirin zuwa kotu, sai bakuna su rufe. In kuwa da gaske gadon kake nema, faɗi gaskiya ka bi ta hanyar alƙali, kada ka ɓata wa masu bincike na gaba hanya.

3. Warware sunaye

Bahaushe ɗaya yana iya amsa suna huɗu: na yanka, laƙabi, sunan rana, da na alkunya. Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne. Sanda Umaru ne, Shehu Usman, Maitama Yusuf, Iro Ibrahim, Audu Abdullahi. Wanda bai kula ba sai ya mai da mutum ɗaya kakanni biyu, ko ya haɗe 'yan'uwa biyu su zama ɗaya.

Laƙabin kansa labari yake ba ka. Tanko ya biyo mata ne, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, don haka nemi tagwayen ko da ba su rayu ba. Ajuji tana nuna uwarta ta yi wabi. Wanda ake ce wa Abba ko Baffa ko Babangida, galibi sunan kakansa aka mayar, ita ma Ummi ko Uwani haka. Ke nan in ka san sunan yanka na jikan, ka sami hasashen sunan kakan, sai ka je ka tabbatar.

Yi hattara da sunan ƙarshe na 'yan boko. Makaranta ce ta liƙa wa mutane da yawa sunan garinsu, kamar yadda Aminu Kano da Abubakar Rimi da Shehu Shagari suka amsa sunan garuruwa. Mutum biyu masu amsa Ungogo a takarda ba lallai su haɗa ko da kaka na goma ba.

4. Sanya shekaru

Tsofaffi ba sa ƙirga da lamba, da sarki da annoba da yunwa suke ƙirgawa. Don haka riƙe waɗannan: Ibrahim Dabo ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, Yaƙin Basasa 1893 zuwa 1895, Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, annobar Marisuwa 1918, Sarki Abbas ya rasu a 1919, Abdullahi Bayero, Sarki Alhaji, 1926 zuwa 1953, zuwan Sarauniyar Ingila 1956, murabus ɗin Sarki Sanusi na ɗaya 1963, canjin hannu 1972, fitowar naira 1973. In tsohuwa ta ce an yaye mahaifinta shekarar Marisuwa, ka san haihuwarsa tana wajen 1916. Rubuta “wajen”, kada ka mai da hasashe tabbas.

Shekarar Hijira da ka tarar a takarda, ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka faɗa kusa da ta Miladiyya. Shigar Turawa Kano a 1320 ta faɗo. Takardar rantsuwar shekaru ta kotu kuwa, wadda aka yi don neman aiki ko fansho, kada ka dogara da ita ita kaɗai.

Da wannan lissafin ake kama salsalar ƙarya. Tsakanin uba da ɗa a ƙiyasta shekara talatin, ko da yake auta a gidan mai mata da yawa yana iya zuwa uban ya haura sittin. Daga yau zuwa hawan Sarki Sulaimanu a 1807 iyaye bakwai ne ko takwas. Zuwa Bagauda kuwa, wanda lissafin Tarihin Kano ya sa a 999, sun haura talatin. Wanda ya kawo maka suna goma ya ce sun kai ka can, ƙarni da yawa sun zube a tsakani.

5. Bincika cikin gida

Buɗe adaka da gafaka da tsohuwar akwatin ƙarfe. Malamai sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da rasuwar iyayensu a bangon littafi ko a fallen ƙarshe na Alƙur'anin da suka rubuta, kuma marubucin yakan sa sunansa da na mahaifinsa a ƙarshen aiki. Nemi rasit ɗin haraji, wanda aka biya har zuwa 1979 da gwamnatin Rimi ta soke shi, da takardar cinikin gona, da ta rabon gado, da tsohon fasfon aikin Hajji, da katin sallama na sojan Bama. Ɗauki hoton gaba da baya a inuwa mai haske. Kada ka manna salatif a tsohuwar takarda, kada ka kai a shafe ta da leda, kada ka sake jera fallayen da ba ɗinki.

Duba tsofaffin hotuna don tsagar fuska, ka kai wa tsohon wanzamin gidanku, domin wanzanci gado ne kuma sun san askar kowane gida. Maroƙa ma sun riƙe sunaye a cikin kirari. Karɓi sunayen, ka bar musu zugar. Abincinsu ke nan.

6. Daga ƙofar mai unguwa zuwa Kaduna

Bi tsari: mai unguwa, dagaci, sannan hakimi. Kada ka tsallake na ƙasa, domin shi zai ce “na san gidansu”. Gaisuwa tukuna, “Ranka ya daɗe, alfarma muka zo nema,” sannan buƙata.

Mutanen kewayen birni suna da wata sa'a da na nesa ba su da ita. Tun farkon mulkin Turawa aka riƙa auna gonaki da taki don yanka haraji, daga baya ma'aikatan safiyo na En'e suka zana taswirar gona-gona da sunayen masu su. Mortimore da Wilson sun yi nazarin ƙasa da jama'ar gundumar Ungogo, aka buga a 1965, Polly Hill kuma ta yi a Ɗorayi, littafinta ya fito a 1977. Ba sunan kakanka za ka tarar a cikinsu ba, amma za su nuna maka yadda gandu yake rabuwa bayan mutuwar uba da irin takardun da aka taɓa ajiyewa. Ka tuna takardar haraji sunan magidanta da mazan da suka isa biya take ɗauka, mata ba sa ciki.

Kundin shari'a ya fi komai amfani, saboda rabon gado yana tilasta a lissafa matan mamaci da 'ya'yansa da sunayensu. Majalisar shari'a ta Sarki Abbas ta bar kundi da Larabci na 1913 da 1914, wanda Allan Christelow ya fassara wani ɓangarensa ya buga a 1994; rigimar gona da gado da 'yanta bayi duk suna ciki. A Kano fara da Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa. A Kaduna akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda fayilolin lardin Kano da na Sakataren Lardunan Arewa suke, sai Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka kafa a 1970. Rahotannin kimanta haraji na gundumomi sukan kawo tarihin ƙauye da jerin dagatai da sana'o'i. Bature ne ya rubuta ta bakin tafinta, don haka gwada kowane suna da rubutu iri-iri, Panisau da Fanisau misali, kuma ka sani iyakokin gundumomi sun sha canzawa. Duk shafin da ka ɗauka, rubuta lambar fayil a take. Hoto marar lamba ba ya shaida.

7. Ɗaukar ƙwararre

Lokacin ɗaukarsa shi ne bayan ka gama matakan baya ka tsaya a bango guda da za ka iya faɗa a jimla ɗaya, kamar: “Kakan kakanmu ya zo nan zamanin Sarki Alu, ana cewa daga ƙasar Damagaram, muna son sanin garin.” Wanda ya je ya ce “nemo mini asalina” ya buɗe aljihunsa ne kawai.

Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana nan kusa da Rijiyar Zaki. A Sashen Tarihi da na Larabci akwai malamai da ɗaliban manyan digiri da suka san kundayen nan. Duba wanda ya taɓa aiki a kan yankinku ko irin takardar da kake buƙata, domin mai karanta fayil ɗin Turanci daban, mai warware rubutun alƙalan da daban. Ku rubuta yarjejeniya: tambayar da za a bi, wuraren da za a duba, kuɗin mota da masauki dabam da ladan aiki, biya kashi-kashi. Ya kawo hoton kowane shafi da lambarsa, ya kuma rubuta inda ya duba bai samu ba, don kada ka sake biyan wani ya tona rami ɗaya.

Biya shi don aikin da ya yi, kada ka ɗaura ladansa a kan samowa. Ranar da ka ce “in ka haɗa mu da gidan sarauta zan ƙara maka,” to za a haɗa ku. Guji wanda ya yi maka alkawarin sakamako kafin ya buɗe fayil, da wanda ya ce madogararsa sirri ce, da mai fito da salsala bugaggiya mai ado wadda sunanka kawai ya rage a cike. Malamai sun yi gargaɗi mai tsanani a kan jingina kai ga wanda ba ubanka ba, kuma gargaɗin bai ware mai yi da takarda ba.

8. In zaren ya tsallaka iyaka

Da wuya a bi gidan Bakano iyaye shida ba a fita ƙasar Kano ba. Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu ke komawa wajen Asbin, da Kambarin Barebari, su suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja, kuma da yawa sun bar iyali a Salaga da zangon Kumasi. Wasu sun bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas, bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zarce Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau. A irin waɗannan wurare sarkin zango da limami su ne ƙofa. Na ƙasar Nijar kuwa takardunsu da Faransanci suke, a Yamai.

Akwai kuma waɗanda aka tsallaka teku da su. A Bahiya ta Barazil an san Hausawa da sunansu, har da yunƙurin tawayensu na 1807. A Kuba, inda bauta ta kai har 1886, akan ba bawa sunan Kirista, sau da yawa ya ɗauki sunan gidan ubangidansa, a rubuta shi a ƙarƙashin wata babbar ƙabila kamar Lukumi, a littafin coci dabam da na farare. Can aikin ƙwararre bin takarda ne daga coci zuwa coci, har zuwa gidan adana takardun mulkin mallaka da aka kafa a Sabiya ta Sifen a 1785. Dokar da Sifen ta yi a 2022, wadda ta ba jikokin 'yan ƙasarta damar neman zama 'yan ƙasa, ta sa Kubawa da yawa neman takardar haihuwar kaka. Jikan bawa kuwa ba shi da wannan gatan. Abin da ya fi kusa da shi shi ne rajistar mutanen da aka ƙwato daga jiragen bayi a Habana da Firitawun, inda aka rubuta sunan mutum na gida da tsawonsa da tsagar fuskarsa. In irin wannan baƙo ya zo maka neman dangi, karɓe shi da mutunci, amma kada ka ba shi kakan da ba za ka iya tabbatarwa ba.

9. Abin da ba ka so ji ba, da rubutun ƙarshe

Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta. Panisau ribaɗi ce da ke kewaye da gandayen sarki da na manya, bayi ne suka noma su, kamar yadda Mohammed Bashir Salau ya nuna a littafinsa na 2011, kuma sai a 1936 doka ta kawo ƙarshen bauta a Arewa. Mai bincike a ƙasar nan zai iya tarar da kaka bawa, ko kaka mai bayi, ko ƙwarƙwara, ko Bamaguje da ya musulunta jiya-jiya. Babu abin kunya a ciki ga mai hankali, amma ba naka ne kai kaɗai ba. Akwai 'yan mata da ke jiran aure a gidan, akwai masu gori a unguwa. Shawarci manyan gida kafin ka watsa komai a WhatsApp ko Facebook, kuma sirrin wani gida da ka ci karo da shi a kundin kotu bar shi inda ka gan shi.

Gwajin ƙwayoyin halitta yana nuna yankin da jini ya fi kama da shi, ba ya faɗin sunan kaka ko ƙauyensa. A fiƙihunmu da aure da iƙirari da shaidu da shahara ake tabbatar da nasaba. Kada ka tura yawun wani gwaji ba da saninsa ba, kada kuma ka fara shi in ba ka shirya wa abin da zai iya tayarwa ba.

Wajen rubutawa, ka ba kowane mutum shafinsa: sunayensa duka, iyayensa, matansa ko mazajenta bi da bi, 'ya'ya a ƙarƙashin uwarsu, sana'a, inda aka binne shi, sannan wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa. A kan kwalin, ja layi cikakke inda shaidu biyu da ba su ji daga bakin juna ba suka haɗu, layi mai ɗigo-ɗigo inda shaida ɗaya ce. Inda riwaya biyu suka saɓa, rubuta su duka da sunan mai kowace. Inda ba ka samu ba, bar gurbin fari. Buga kwafi, ka ba kowane ɗaki nasa, har da 'ya'ya mata da ke gidajen aure, muryoyin kuma ka sauke su daga waya zuwa wuri biyu dabam kafin wayar ta faɗa ruwa ko a sace ta.